Gonar gado ce gari ya iso: ta yaya za mu yanka ta filaye bisa ƙa'ida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona mai kimanin hekta 2 ta wajen Ungogo. Mu tara ne magada, ciki har da ƙananan yara biyu. Gari ya iso mu, maƙwabtanmu na gabas ma sun riga sun yanka tasu. Dillalai sun ce cikin mako guda za su fitar mana da fili sama da 70. Takardar da ke hannunmu ita ce shaidar dagaci kawai. Ni kuma ba na son mu sayar wa mutane abin da za a zo a shafa masa jan fenti. Yaya ake mayar da gona filayen gidaje ta hanyar hukuma, kuma wahalar tana biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa abin da ya bari ya zame muku alheri. Ni tsara birane ne sana'ata, don haka zan ba ka amsa ta fuskar aikina, inda kuma magana ta zama ta lauya ko ta alƙali zan nuna maka ƙofarsu.

Abin da zan fara roƙonku shi ne ku dakatar da dillalan nan. Kada a kafa turke ko ɗaya, kada a karɓi kafin alƙalamin kowa, sai taswirar yankan ta fito daga hukuma da hatimi a kanta. Yawancin gonakin da suka zama rigima a gefen Kano ba rashin bin matakai ne kaɗai ya jawo ba, juya su aka yi: aka fara sayarwa, aka ci kuɗin, sannan aka tafi neman takarda. Ranar da mutum na farko ya zuba harsashi a wurin da ya kamata titi ya bi, gyara ya wuce hannunku.

Kafin a je ofis, a fara da gida. Gonar nan ba taka ba ce kai kaɗai, ta mutum tara ce, kuma biyu daga ciki ba su isa sa hannu ba. Ku je kotun shari'a a yi rabon gado, a fitar da takarda mai ɗauke da sunan kowane magaji da kasonsa, a kuma tabbatar da wanda zai tsaya wa marayun. Sayar da kason maraya magana ce da alƙali yake dubawa, ba a yanke ta a zaure. 'Yan'uwanku mata da ke gidan aure, da wanda ke Legas ko Saudiyya, kowa ya sa hannu da kansa ko ya ba da wakilci a rubuce. "Ai Yaya ya tsaya mana" tana aiki ne muddin ana shiri. Ranar da fili ya yi tsada, ɗan wadda ba a tambaya ba shi ne zai shigar da ƙara. Ku kuma tuna da shufu'a: a mazhabar Malikiyya, idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gonar da ba a raba ba ya sayar wa bare da kasonsa, sauran suna da damar karɓe shi a kan kuɗin da aka saya. Shawarata ita ce ku bar gonar a dunƙule, ku wakilta mutum ɗaya ko biyu su bi takardu da sunan magada duka, in taswira ta fito sai a raba filayen da lamba. Idan kuka fara tsaga ta gida tara, kowa zai ce titi ya bi ta kason wani.

A nan ne kuma za ku binciki abin da marigayi ya bari a kan gonar. Akwai wanda aka ba aro yake nomawa shekara da shekaru? An taɓa jinginar da wani ɓangare? Akwai ɗorawa ko kukar da wani gida ke cewa tasu ce, kamar yadda ake samu a wasu garuruwa inda itace ke da mai shi daban da ƙasa? Akwai kabari, ko burtali, ko 'yar hanyar da masu gonakin baya ke bi? Dagaci da dattawan maƙwabta su suka san waɗannan, kuma nan ne amfanin shaidarsu yake. Ku zagaya iyaka tare da su da maƙwabtan ɓangare huɗu, kowa ya nuna inda tasa ta tsaya, a rubuta.

Yanzu doka. Tun ranar 29 ga Maris 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da ɗan ƙasa ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani. Mu a Arewa wannan bai zo mana baƙo ba, domin dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta riga ta tafi a kan wannan turba, har ma da dokar Turawa ta 1910. Tsarin mulkin 1999 kuma ya ɗaure dokar ta 1978 a sashe na 315, yadda ba a taɓa ta sai ta hanyar gyaran tsarin mulki. Dokar ta kasa ƙasa gida biyu: wadda gwamna ya ayyana a matsayin birni tana ƙarƙashinsa kai tsaye, sauran kuma ƙaramar hukuma ke kula da ita. Ungogo na cikin ƙananan hukumomi 8 da ake lissafawa a birnin Kano da kewaye, saboda haka kada ku kafa dogaronku a kan takardar ƙaramar hukuma kafin ku tabbatar da ɓangaren da gonarku ta faɗa.

Akwai sashen da dillalai ba sa karanta wa kowa, wato na 36. Shi ne ya bar wa manoman karkara gonakin da suke nomawa kafin 1978 su ci gaba da riƙe su. Amma a ƙaramin sashe na 5 ya ce irin wannan ƙasa ba a rarraba ta, ba a yanka ta filaye, ba a kuma mayar da ita hannun wani. Na 6 ya ƙara da cewa takardar irin wannan ciniki ba ta da wani tasiri a doka, kuma duk wanda ya shiga cikinta yana iya fuskantar tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. Tarar kam yau ko buhun siminti ba ta saya, kuma kowa ya san ana ta wannan ciniki dare da rana. Abin tsoron shi ne ɗaya rabin, rashin tasirin takardar. A ƙasar birni ma sashe na 22 ya wajabta neman yardar gwamna kafin a sayar ko a jinginar, sashe na 26 ya soke duk cinikin da ya tsallake hakan, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989 cewa wannan sharaɗi ya hau har kan wanda ya mallaki wurinsa tun kafin dokar. Mafita tana sashe na 5, wanda ya ba gwamna ikon bayar da haƙƙin mallaka a kan kowace ƙasa, birni ko ƙauye, don kowace manufa. Wannan ƙofa za ku ƙwanƙwasa.

Ka lura izini biyu kuke nema, daga wurare biyu. Na farko na Ma'aikatar Ƙasa ne: a san ku a matsayin masu wurin, a kuma rubuta cewa manufarsa ta tashi daga noma ta koma gidajen zama. Kowane satifiket, wato takardar shaidar haƙƙin mallaka da gwamna ke bayarwa, yana ɗauke da abin da aka ba da ƙasar dominsa, da wa'adinsa, wanda ga gidan zama shekara 99 aka saba. Wanda ke da satifiket na gona ya yanka ta gidaje ba da izini ba ya karya sharaɗi, kuma sashe na 28 ya sa karya sharaɗi cikin dalilan ƙwace wuri. Na biyu na hukumar tsara birane ne, wato KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, kowace jiha da tata: ita ke duba taswirar yankan ta amince ko ta mayar. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2003 a ƙarar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, tsara birane ya tabbata hurumin jihohi ne, shi ya sa ƙa'idar Kano ba lalle ta zama ta Katsina ba. Masu karatu daga Abuja kuwa su sani can lissafin daban ne gaba ɗaya, ministan birnin ne kaɗai ke ba da fili.

Kuɗin farko da za ku kashe, na safiyo ne mai rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa masu awon ƙasa rajista, ba yaron da ya ari na'ura ba. Zai zo ya ɗauki lambobin kusurwoyin gonar, ya dasa duwatsun awo na siminti masu lamba, ya fitar da taswirar iyaka. Da wannan za a je Ma'aikatar Ƙasa da sashenta na KANGIS, mai adana bayanan filaye, a ɗora lambobin a kan babbar taswirar gwamnati a kwamfuta. Minti kaɗan ne, amma a nan ake sanin gaskiya. Gonarku za ta fito a allo kamar ɗan tsumma mai kusurwa biyar ko shida, sai a ga abin da ke kwance a ƙarƙashinta: ko fili ne fari fat, ko kuwa tun shekaru aka zana unguwar gwamnati a kai har an raba wa mutane takardu, ko an ja layin titin da ba a fara ba tukuna. Manomi yana iya shuka gero shekara ashirin a wurin da a takarda an daɗe da karɓe shi.

Abubuwan da ke iya fitowa suna da yawa a ɓangarenku. Babban layin wuta mai ƙarfin kilobolt 330 yana cin faɗin mita 50, mai 132 kuma mita 30, ba a gini a ƙarƙashinsu ko da kai ka gaji wurin. Titin tarayya yana da mita 45.72 daga tsakiyarsa zuwa kowane gefe. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikin gina shi a 2021, wanda ya yi arewa ta Ɗambatta da Kazaure da Daura. Ga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da ke maƙwabtaka da ku, wanda kewayensa ke da iyaka kan tsawon gini. Waɗanda gonakinsu ke kudu kuma suna da bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, da filayen noman rani na Kadawa, Kura da Bunkure da ke shan ruwan Tiga a ƙarƙashin hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, waɗanda ba wuraren yankawa ba ne. Idan aka ce gwamnati na da niyya a kan wurinku, maganar ta koma ta diyya. Doka ta ce abin da aka raya a kan ƙasa ake biya, kamar gini da itatuwa da amfanin gona, amma a Kano an saba ba manomi wani kaso na filaye idan aka yi awon gwamnati a gonarsa. Kason yana sauyawa daga gwamnati zuwa gwamnati, sai ku nemi a nuna muku shi a rubuce.

To, a ce an duba an samu wurin fes. Sai lissafin da zai ɓata wa wasu 'yan'uwanka rai. Hekta 2 murabba'in mita 20,000 ce. Fili mai ƙafa 50 da 100, wato kimanin mita 15 da 30, yana cin 450. In ka raba kai tsaye za ka samu 44, amma wannan lissafin takarda ne, babu titi babu kwata. A unguwar da aka tsara, tituna da magudanan ruwa da ɗan wurin jama'a kan cinye kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da zai rage muku bai wuce murabba'in mita 13,000 zuwa 14,000 ba, wato fili 30 ko kusa da haka. Idan hukuma ta yarda da ƙafa 50 da 75, za ku kai wajen 40. Dillalan ba ƙarya suka yi ba da suka ce 70: ƙafa hamsin-hamsin za su yanka, su bar lungu mai ƙafa goma ko sha biyu, shi ke nan. Tazarar da ke tsakanin 70 da 40 ita ce duk gardamar da za ku yi a gida, don haka bari in nuna maka abin da ke cikinta.

Ka shiga kowace unguwar awon igiya da ta shekara goma ka tsaya a bakin lungu. An bar ƙafa goma sha biyu ranar awo. Wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa sokawe a waje don babu wuri a ciki, na gaba ya ɗora matattakala saboda ya ɗaga gidansa gudun ruwa, ga falwayar wuta a tsakiya. Abin da ya saura Adaidaita ce kawai ke ratsawa, ita ma sai mai kura ya ja baya. Motar kashe gobara faɗinta ya kai mita biyu da rabi, ba ta da ta inda za ta shiga, balle ta juya. Mai naƙuda a kan kafaɗa ake fito da ita bakin titi, gawa ma haka. Shi ya sa muke neman layin cikin unguwa ya samu mita 9 zuwa 12, wanda zai ɗauki kwata hagu da dama da turakun wuta, babbar hanyar shiga kuma ta fi haka. Hukumar ce za ta faɗi adadin da take so. Kuma titinku dole ya haɗu da na maƙwabta. Tunda na gabas sun riga sun yanka, mai zanenku ya je ya auno inda layukansu suka ɓullo, kada a wayi gari titinku ya ƙare a bangon wani.

Sai maganar da ba a gani da ido. Fili mai ƙafa hamsin-hamsin mita 15 ne kowane gefe. Mafi ƙarancin tazarar da ma'aikatan lafiya ke so tsakanin rijiya da masai ita ce mita 15, an fi son 30. Ka ga ke nan a irin wannan fili, ko mai gida ya kai rijiyarsa wannan kusurwa ya kai shaddarsa waccan, ta maƙwabcinsa tana jingine da katangar. Unguwa guda sai ta koma shan abin da take zubarwa, a yi ta jinyar taifot ana cewa iska ce. Idan kuka ware wuri ɗaya na burtsatse da tanki a can saman gangare, nesa da ramukan sokawe, kun yi wa mutanen da ba ku taɓa gani ba hidima mai yawa da ɗan wuri kaɗan.

Ruwan sama shi na fi so ku zauna a kansa. Gonar jigawa tana shanye mafi yawan ruwan da ya sauka a kanta. Ranar da ta koma kwano da siminti, kusan duk abin da ya sauka sai ya nemi hanya. Ruwa mai milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a Kano cikin Agusta, lita miliyan ɗaya ne a kan hekta 2, kimanin cikin tankar man fetur 30. Ina zai bi? Kada ku amsa wannan da rani. Ku je gonar da sassafe bayan an kwana ana ruwa. Ku dubi inda ciyawa ta kwanta ta fuskanci gefe guda, inda yashi mai laushi ya taru, inda kunya ta yanke, inda ƙafa ke nutsewa. Nan ne hanyar ruwa, kuma ba ya canza ta don an sayar da wurin. Mai zane na ƙwarai a kan wannan layin yake ɗora titi da babbar kwata, ya bi da ita har inda za ta zube, ko da hakan na nufin zama da maƙwabcin da ke ƙasa da ku. Kwatar da ta ƙare a iyakar gonarku ba ta yi komai ba illa tura ambaliya gidan wani. Idan kuma akwai ɓangaren da ƙasarsa baƙar laka ce mai tsagewa da rani, ko tsohon kududdufin da aka cike da shara, a fitar da shi daga lissafin gidaje. Laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani, ta tsaga bango. A bar wurin ya zama filin wasa ko matarar ruwa. Wanda gonarsa ke gangaren Jakara ko Getsi ya ninka wannan taka-tsantsan.

Zanen kansa aikin mai tsara birane ne mai rajista da TOPREC, hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista. Shi zai haɗa taswirar yankan da rahoton wurin, ya nuna lambar kowane fili da girmansa, faɗin tituna, inda ruwa zai bi, wurin taransifoma, da abin da aka ware wa jama'a. Hekta 2 ba ta kai a ce ku fitar da makarantar firamare ba, amma masallaci da ɗan fili da wurin zuba shara suna cikin abin da za a iya nema. Babban binciken tasirin muhalli da dokar tarayya ta 1992 ta wajabta ya shafi rukunin gidaje mai hekta 50 ne zuwa sama, ku ba ku kai nan ba. Za a zo duba wuri, za a iya mayar muku da zanen a ce a gyara, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Kada ku ji haushi, gara a goge layi a takarda. Akwai kuɗin buɗe fayil, na awo, na canjin manufa, na amincewa da taswira, ga harajin ƙasa na shekara-shekara. Farashinsu na canzawa, ku karɓi jadawalin daga ofishin da kanku, ku biya ta banki cikin asusun gwamnati, ku adana kowane rasit. Duk wanda ya tare ku a gindin bishiya ya ce ya san wani a ciki, zai fitar muku cikin sati biyu, ku yi masa godiya ku wuce. Aikin watanni ne, yana iya haura shekara. Ku ci gaba da noma gonar a wannan tsakani. Gonar da ake nomawa ba ta cika gamuwa da masu share wuri su zauna ba.

Wahalar tana biya? A ganina tana biya, amma ba zan ɓoye maka inda take ciwo ba. Za ku rasa kusan rabin adadin da dillali ya yi alkawari, za ku fitar da kuɗi kafin ku ga ko kwabo, kuma cikin mutum tara ba a rasa mai bashi a wuya ko mai auren 'ya a gaba, wanda ba zai iya jira ba. Wannan mutum ba maƙiyinku ba ne. Ku nema masa mafita: ko wani daga cikinku ya sayi kasonsa a gaban alƙali, ko a ranta masa a cire in an fara sayarwa. Abin da kuke samu a madadin haka shi ne fili mai titi da lamba, wanda mai saye zai iya nema wa satifiket da izinin gini, banki kuma ya karɓe shi jingina. Irin wannan mai saye daban ne da na awon igiya, kuma kuɗin da yake biya daban ne. Na kuma san dalilin da ya sa awon igiya ya cika gari: tsarin shekara 20 da aka yi wa Kano na 1963 zuwa 1983 ne, gari ya ninka ya bar shi a baya, filayen gwamnati ba sa isa, talaka kuma dole ya sa kansa a wani wuri. Ban ga laifin mai saye ba. Mai yankawa ne ke da zaɓi, kuma yau ku ne masu yankawa.

Idan kuɗin bin takardu da fasa titi ya fi ƙarfinku, ana haɗa gwiwa da mai jari ya yi aikin a biya shi da filaye. Hanya ce mai kyau in an ɗaure ta da kyau. Lauyanku ya rubuta, ba nasa ba. Kada ku sa hannu a takardar da ta mayar da gonar sunansa tun farko. A rubuta cewa ba shi da ikon sayar da komai sai taswira ta fito, a faɗi aikin da zai yi dalla-dalla, gireda da burji da kwalbati da kwata, a sa wa'adi, a kuma faɗi lambobin filayen da zai ɗauka. In aka ce "kashi talatin" kawai aka yi shiru, na bakin titi da na kwana zai tsince ya bar muku na cikin kwari. Sannan ku guji sayar da fili a kan zanen da ba a amince da shi ba, ko da an ce somin-taɓi ne don a samu kuɗin aiki. Cinikin biri a sama ne: hukuma na iya matsar da titi, fili mai lamba 12 ya ɓace, ku kuma kun ci kuɗinsa.

Wata shawara da ba ka tambaya ba: kada ku sayar duka. Ƙasar kewayen Kano an shekara ɗaruruwa ana kai mata taki daga birni a kan jakuna, ana noma ta kowace damina ba hutu, kuma in ta shiga ƙarƙashin siminti ta tafi ke nan. Ba zan ce ku hana gari zuwa ba, ba ku isa ba. Amma kowane magaji ya riƙe aƙalla fili guda, na marayun kuma a bar musu nasu har su girma in ba larura ta tilasta ba, domin kuɗi a hannu narkewa yake yi, ballantana a wannan zamani na faɗuwar naira. Manyan itatuwan da ba su faɗa tsakiyar titi ba a bar su, a zana da su. Batun zakkar kuɗin da za ku samu kuma ku kai shi gaban malamai tun kafin a fara rabawa.

Bayan amincewa, safiyo ya dawo ya sauke taswirar a ƙasa, kowane fili da duwatsunsa huɗu. Ku fasa titunan da gireda kafin mai saye na farko ya zo, ko burji ba a zuba ba a ga shatinsu, domin titin da ba a fasa ba shi ake fara ci. Ku buɗe littafi guda ɗaya na ciniki a hannun mutum guda, da lambar fili, sunan mai saye da ranar biya, don sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ya fi faruwa a inda 'yan'uwa uku ke karɓar kuɗi kowa da dillalinsa. La'ada a yanke ta tun farko. Kowane mai saye a ba shi yarjejeniyar da lauya ya rubuta, kwafin taswirar da aka amince da ita an zagaye filinsa, da lambar amincewar, don ya je ya nemi takardarsa da izinin gininsa da sunansa. A cikin yarjejeniyar a rubuta ƙarara cewa titi da kwata da wuraren da aka ware ba na sayarwa ba ne, ba kuma na kowane magaji ba ne. Filin masallaci da na burtsatse ku yi musu takarda tasu, ku damƙa kwafi ga mai unguwa da hukumar, tun kuna tara a raye kuna kuma shiri.